Baba ya dawo daga aikin zuciya da mantuwa, ko zai koma yadda yake?

Ɗan mai albasa, Aliero:

Assalamu alaikum 'yan'uwa. Wata huɗu ke nan da aka yi wa mahaifina aikin zuciya a Indiya. Shekararsa 67, yana da ciwon suga fiye da shekara goma, ga hawan jini. Abin ya faro ne da nauyin ƙirji in ya taka daga gida zuwa masallaci. Ya ce olsa ce, ya yi ta shan maganinta, har ranar da gumi ya karyo masa a kasuwa aka kwaso shi ranga-ranga. Da aka yi hoton jijiyoyin zuciyar sai aka ce uku sun toshe, kuma ɗan bututun da ake zurawa cikin jijiya don buɗe ta ba zai wadatar ba, sai an buɗe ƙirji. Muka sayar da gona guda da albasar da ke rudu tun ba ta yi kuɗi ba, ni na raka shi. Sun ciri jijiya a ƙafarsa ta hagu da wata a cikin ƙirjin, suka yi wa jini sabuwar hanya da ta kewaye wuraren da suka toshe.

Ta wajen zuciya alhamdu lillahi. Yanzu yana zuwa masallaci ya dawo ba ya tsayawa hutu. Kai ne ya dame ni.

Daren biyu bayan aikin, a ɗakin kulawa ta musamman, Baba ya rikice. Ya nemi fizge robar da ke hannunsa, ya ce ma'aikatan jinya suna kwashe masa buhuna, ya riƙa kirana da sunan ƙanensa da ya rasu tun ina firamare. Da rana sai ya yi lamo kamar ba shi ba, da magariba ta yi sai abin ya taso. Kwana biyar muna haka sannan ya lafa. Likitan ya ce mini ana samun hakan, ya wuce. Kafin aiki sun zaunar da ni sun yi bayanin zubar jini da ƙwayoyin cuta da mutuwa, na sa hannu. Ban tuna wanda ya ce mini kan mutum zai iya canjawa ba.

Duk wanda ya san Baba ya san shi da lissafi. Tirela za ta yi lodin Onitsha, buhu kaza a kan kaza, a cire kuɗin mota da na 'yan dako da la'ada, kafin in gama danna waya ya faɗi abin da ya rage. Satin da ya wuce wani abokin cinikinsa ya zo, buhu 40 kacal, Baba ya fara lissafin sau uku yana ɓacewa a tsakiya, daga ƙarshe ya ce kansa na ciwo ya shige gida. Na bi shi na tarar yana hawaye. Tunda nake ban taɓa ganin hawayensa ba, ko ranar da aka binne kakarmu.

Sauran abubuwan: yana rasa raka'a ta nawa yake in yana salla shi kaɗai. Yana tambayar Inna abu ɗaya sau biyu sau uku kafin azahar. Saurin fushi, mutumin da a da sai ka yi da gaske ka ji ya ɗaga murya. Barcin rana da yawa, dare kuma ido biyu. Sannan ƙaramin yatsansa na hannun hagu da na kusa da shi sun yi dindiris tun a can. Amma ya san kowa, ba ya ɓata hanya, labarin shekara talatin yana ba da shi tiryan-tiryan, izu goman da ya haddace suna nan.

A gida kowa da fassararsa. Gwaggo ta ce iska ce ta shige shi lokacin da ƙirjin yake buɗe. Kawu ya ce tunda aka tsayar da zuciyar mutum, ai hankalinsa aka taɓa, ba ya dawowa. Yayyena biyu suna so a karɓe littafin bashi da makullin shago daga hannunsa gaba ɗaya kafin a cuce shi. Ni na tsaya tsakiya. Don Allah wanda ya sani ya gaya mini: aikin ne ya jawo haka? Yana warkewa? Kuma wane likita ya kamata mu gani?

Likita, Birnin Kebbi:

Wa alaikumus salam. Allah Ya ba Alhaji lafiya, Ya saka maka da alheri kan ɗawainiyar da kake yi. Ni likitan cututtukan manya ne, ban ga Alhaji ba, don haka abin da zan faɗa bayani ne, ba zai maye gurbin a duba shi ba.

Abubuwa uku ne ka haɗa a labarinka, kuma raba su zai rage maka tsoro.

Na farko, rikicewar da ya yi a asibiti. Wannan sanannen abu ne ƙwarai ga dattawa bayan aikin zuciya. Wani bincike da aka buga a Amurka a 2012 kan mutum 225 masu shekara 60 zuwa sama ya samu kashi 46 cikin 100 sun yi irin wannan ruɗewa. Yadda ka kwatanta shi, ya zo kwatsam, yana tashi yana lafawa, ya fi tsanani da dare, haka yake. Maganin barci, magungunan kashe zafi, rashin barci, ƙarancin jini, fitila da ƙarar na'urori dare da rana, baƙin fuskoki da baƙon harshe, duk suna taruwa a kan ƙwaƙwalwar da dama ta manyanta. Yana wucewa, amma waɗanda suka yi shi sun fi daɗewa kafin tunaninsu ya koma daidai, wasu sukan kai wata shida zuwa shekara. Ya kamata a ce an gaya muku wannan tun kafin aiki.

Na biyu, raunin tunanin da kake gani yanzu. A yawancin irin wannan aiki ana tsayar da zuciya na ɗan lokaci, a juya jini zuwa wata na'ura da ke yin aikin zuciya da huhu. Tun 1953 aka fara amfani da ita cikin nasara. Ka gaya wa Kawu jini bai daina zuwa ƙwaƙwalwa ba, na'urar ce ke tura shi. Sai dai akwai haɗarin da ke tattare da hakan. Babbar jijiyar da ta fito daga zuciya, a jikin mai suga da hawan jini, bangonta kan tara maiƙo da ya daskare kamar tsatsa a cikin tsohon famfo. In aka matse ta ko aka huda ta don ɗinki, ƙananan ɓurɓushi kan ɓalle su bi jini zuwa kai, haka ma ƙananan kumfar iska. Ga saukar ƙarfin jini lokacin aiki, ga kumburin da jiki ke yi saboda jini ya bi ta cikin roba. Abin da ya fi taɓuwa shi ne natsuwa, saurin tunani, da riƙe sabon abu. Tsohon sani ba ya cika taɓuwa. Shi ya sa haddarsa tana nan amma lissafin kai, wanda ke buƙatar riƙe lambobi uku huɗu a lokaci ɗaya, yake kuɓuce masa.

Ga alƙaluman da aka fi ambatawa. Jami'ar Duke da ke Amurka ta bi mutum 261 da aka yi wa irin wannan aiki ta buga sakamako a 2001: kashi 53 cikin 100 sun nuna raguwar tunani ranar sallama, kashi 36 bayan sati shida, kashi 24 bayan wata shida. Ka ga yawanci suna farfaɗowa. Abin da ya tayar da hankalin duniya shi ne bayan shekara biyar adadin ya koma 42, sai aka yi ta ɗora wa na'urar laifi. Daga baya masu bincike a Jami'ar Johns Hopkins ta Amurka suka kwatanta waɗanda aka yi wa aiki da masu irin ciwon zuciyar da ba a yi musu ba, suka bi su shekaru, ba su ga wani bambanci na a zo a gani ba. Haka kuma da aka gwada yin aikin zuciya tana bugawa, ba tare da na'ura ba, bayan shekara biyar tunanin ɓangarorin biyu kusan ɗaya ne. Fahimtata ita ce: raguwar watannin farko tana da alaƙa da aikin, kuma galibi tana gyaruwa. Raguwar shekaru masu zuwa kuwa ciwon jijiyoyin ne da kansa, domin abin da ya toshe na zuciya bai bar na kai ba. Wannan ɓangaren yana hannunku: suga, hawan jini, maganin maiƙon jini, tafiya a ƙasa kullum.

Na uku, yatsun. In aka buɗe ƙashin ƙirji aka ware shi, jijiyoyin da suka sauko daga wuya zuwa hannu kan miƙe fiye da ƙima, kuma waɗannan yatsu biyun ne suka fi shan wahala. Yawanci yana sakewa cikin makonni zuwa watanni. Ba shanyewar ɓarin jiki ba ce.

Yanzu abin da ba na so ka yi wasa da shi. Shanyewar ɓarin jiki tana samun kamar mutum 1 zuwa 3 cikin 100 a irin wannan aiki, kuma ƙarama takan wuce ba a gane ba. In ka ga baki ya karkace, hannu ko ƙafa ya saki, magana ta sarƙe, ko ganinsa ya ɗauke farat ɗaya, kada a jira gari ya waye, kada a tsaya shafa mai. Sannan yana shan maganin tsinka jini. Dattijon da ke shan irinsa in ya bugi kai, ko a ƙofar ɗaki ce, jini kan taru a hankali tsakanin ƙoƙon kai da ƙwaƙwalwa, bayan makonni ya fito da mantuwa, yawan barci da ciwon kai. Ana cire shi, kuma galibi mutum kan samu sauƙi sosai. Ka tambayi Inna ko ya taɓa faɗuwa. Ka riƙa taɓa bugun jininsa a wuyan hannu, in ka ji yana tsalle-tsalle ba tsari, ka faɗa wa likita, don irin wannan bugun yana haifar da gudan jini.

Ku je asibitin koyarwa, na nan Birnin Kebbi ko na Jami'ar Usmanu Danfodiyo a Sakkwato, ku nemi likitan ƙwaƙwalwa da jijiyoyi, ku tafi da takardun Indiya duka. A auna jini, gishirin jini, ƙoda da suga, a yi hoton kai in likita ya ga dacewa. Akwai gwajin tunani mai maki 30, ka roƙa a yi masa da Hausa, kuma ka faɗa musu karatun allo ya yi, don kada a kayar da shi a kan abin da bai taɓa koya ba. Hawayen nan da fushin kuma ka ambace su a fili. Ciwon damuwa yana yawan biyo bayan aikin zuciya, shi kaɗai yana iya sa mutum mantuwa, kuma yana da magani.

Uwargida, Talata Mafara:

Ɗana, sannu da ƙoƙari. Na karanta zancenka kamar gidana kake faɗi. Maigidana shekara ukku ke nan da anka yi mishi wanga aiki, shi malamin makaranta na, ya yi ritaya. Da munka dawo sai yat tashi da asuba shi sa riga bai-bai, shi aje tabarau cikin kwanon tuwo. Wata rana ya kira ni da sunan kishiyata da ta rasu. Ban gaya ma kowa ba, na shiga ɗaki na sha kukana.

Kuskuren da munka yi shi nike so in gaya maka, don naga yayyenka sun nufi can. Ɗiyanmu sunka taru sunka karɓe komi: katin banki, makullin mota, hatta kuɗin cefane ni anka riƙa ba. Don tausai sunka yi. Amma mutumin ga sai ya koma kamar baƙo a gidansa. Ya daina fita zaure, ya daina sauraren rediyo, in anka yi sallama sai shi ce a ce shina barci. Mantuwar ba ta kashe shi ba, wanga zaman ne ya kusa. Sai da wani tsohon abokinsa ya zo ya yi muna faɗa, ya ce kun binne mutum da rai.

Daga nan munka sake. Na maida mishi kuɗin cefane, ni ka rubuta abin da za a sawo, shi ka bayarwa. Jikokinsa biyu sunka riƙa zuwa da la'asar shina koya musu lissafi, tun shina kuskure suna gyara mishi har ya koma shi ka gyara musu. Bayan sallar asuba mu zagaya bayan gida tare, kafin rana ta yi zafi. Na hana barcin bayan la'asar, na buɗe tagogi da rana. Wajen wata tara sai na lura kwana ukku bai maimaita tambaya ba.

Ba zan ce maka ya koma yadda yake ɗari bisa ɗari ba. Har yau in mutum biyu sunka yi mishi magana lokaci guda sai shi rikice, kuma sunayen sababbin mutane ba su zama. Amma shi ka jan sallar magariba a masallacin unguwa in liman bai nan. Littafin bashin ga, kada ku karɓe. Ka zauna kusa da shi, shi faɗi kai ka rubuta. Mahaifiyarka kuma ka riƙa tambayarta ya take, ita ka kwana da abin.

Mai kemis, Jega:

Ɗan'uwa, abu ɗaya zan ƙara. Ka zazzage ledar maganin Alhaji kaf, har wanda ke aljihun riga da ƙarƙashin filo, ka kai wa likita. Sau da yawa mutum ya dawo daga waje da sababbin magunguna, a gida kuma ya ci gaba da tsofaffin, suna daban amma aiki ɗaya. Mai suga da ya rage cin abinci bayan aiki, in yana shan tsohon adadi, sugansa zai riƙa faɗuwa, kuma faɗuwar suga ruɗewa ce da fushi da gumi. Suga ƙasa da 3.9 a na'urar gida mai ma'aunin mmol/L ya yi ƙasa. Maganin fitsari kuma cikin zafin nan namu yana zubar da gishirin jini. Tramadol da ƙwayoyin barci irin su diazepam suna dagula kan tsoho. Amma asfirin da maganin maiƙon jini kada wanda ya ce ku tsayar, su ke tsare sababbin jijiyoyin. In za a sha wani jiƙo ko sassaƙe, a fara tambaya, wasu suna ƙara tsinka jini.

Almajirin ilimi, Gwandu:

Game da salla, ka kwantar wa Alhaji da hankali. Wanda ya yi shakka jefi-jefi yana gini ne a kan abin da ya tabbata, ya cika, ya yi ba'adi. Wanda shakka ta zame masa kullum kuwa, malamanmu na Malikiyya sun ce ya ƙyale ta, kada ya ƙaro raka'a, ya yi ba'adi kawai. Mafi sauƙi ya riƙa bin jam'i, ko ɗaya daga cikinku ya ja shi a gida, liman yana ɗauke wa mamu rafkanuwa. Gwaggo kuma a bar ta ta yi masa addu'a da tofi, alheri ne, amma kada hakan ya hana zuwa asibiti ko shan magani.

Ɗan mai albasa, Aliero:

Na gode ƙwarai, Allah Ya biya ku. Na yi shiru kwana goma ne saboda zirga-zirga.

Malam mai kemis, kamar kana ɗakin. Na zazzage ledar a gaban Inna. Tsohon maganin sugansa yana sha safe da yamma a kan sabon da aka ba shi a can, a tunaninsa sabon na zuciya ne. Na auna shi da hantsi kafin ya ci komai na samu 3.2. Sannan na tarar da ƙwayar barci da ƙanena ya sawo masa tun wata biyu da suka wuce, ba wanda ya sani sai su biyun. Na so in zubar a take, likitan da muka gani a Sakkwato ya ce a'a, wanda ya daɗe yana sha a hankali ake janye masa, ya rubuta yadda za a rage. Tsohon maganin sugan kuma ya tsayar da shi.

Inna ta tuna ya taɓa zamewa a bayi ya bugi bango, don haka aka yi hoton kai. Babu taruwar jini. Likitan ya nuna mini wasu ƙananan tabo ya ce alamar tsohuwar cutar ƙananan jijiyoyi ce, irin ta masu suga da hawan jini, wataƙila sun riga aikin. Jininsa ya yi ƙasa kaɗan, an ba shi maganin ƙarin jini. Da aka tambaye shi ko yana jin baƙin ciki sai ya dube ni, na fita na ba su wuri. Sun yi kusan minti ashirin. Ban tambaye shi abin da ya faɗa ba.

Hajiya, na karanta wa yayyena saƙonki. Babban bai gamsu ba, ya ce kasuwa ba gida ba ce, akwai masu jiran irin wannan dama, kuma yana da gaskiyarsa. Mun tsaya a kan littafin yana hannun Baba, ba a biyan kuɗi mai yawa sai ɗayanmu na wurin. Shekaranjiya ya yi lissafin buhu 25 da kansa. Ya daɗe, leɓensa na motsi, mai sayen ya buɗe baki zai faɗa masa na yi masa alama ya bari. Ya fito daidai. Jiya kuma ya tambayi Inna sau biyu ko an kai wa Gwaggo abinci.

Za mu koma Sakkwato bayan sati shida a maimaita gwajin tunanin. Likita, tambaya ɗaya ta rage: yana ta matsa mini in ba shi makullin babur ɗinsa. Na ce sai mun dawo. Na yi daidai?

Likita, Birnin Kebbi:

Ka yi daidai. Ƙashin ƙirjin ya isa ya haɗe a wata huɗu, ba shi ne damuwata ba. Mai ƙwayar barci a jiki, wanda sugansa bai daidaita ba, kuma yana shan maganin tsinka jini, faɗuwa ɗaya a kan babur ta isa ta jawo taruwar jinin nan da aka duba ba a samu ba. Ka riƙa goya shi da kanka zuwa kasuwa, ka gaya masa ranar da za a sake duba maganar don ya san ba hana shi aka yi har abada ba. Ka riƙa auna sugan safe kana rubutawa, ku tafi da takardar.